Sufeto Ya Kai Wa Wake Binciken Ba-zata

"Ni da na gyara makarantun lardi guda, tumatir ne zai gagare ni? Ki zo duk ranar da kika ga dama. Ki taho da kwando, babba!"

Haka Sufeto ya faɗa wa 'yarsa a waya, kuma da ƙarfi ya faɗa, domin shi har gobe bai yarda waya tana kai magana ba in ba a taimaka mata da maƙogwaro ba. 'Yar ta ji, maƙwabta sun ji, mai gyaran takalmi na bakin lungu ma ya ji.

Bari in nuna maka mutumin, ɗan'uwa, don ka san da wa muke tafe. Sufeton makarantu ne da ya yi ritaya. Gajere ne, tumbinsa na riga shi shiga ɗaki, tabarau kullum a ƙarshen hanci yana neman faɗowa amma bai taɓa samun izini ba. A zamaninsa in aka jiyo ƙarar babur ɗinsa daga nesa, hedimasta kan manta sunan makarantarsa. Abin da ya fi ƙwarewa a kai shi ne binciken ba-zata: ya iso tun ba a kaɗa ƙararrawa ba, ya laɓe a bayan ƙofar aji, ya jira malamin da tsautsayi ya aiko. Wanda bai yi masa ba, sai canjin wurin aiki zuwa ƙauyen da ko mota ba ta san da zamansa ba. Sufeto ya yi imani, imani mai ƙarfi, cewa babu abin da ke tafiya daidai a duniya sai in wani na tsaye a kansa, kuma wanin nan shi ne.

Ritaya ta zo ta karɓe babur. Ba a daɗe ba matarsa ta rasu, gida ya yi masa faɗi.

'Yar tasa nas ce, a babban gari take aure. Wata rana ta faɗo ba sanarwa, ta same shi da rana tsaka a falo shi kaɗai, da rigar jiya a jikinsa, ya zuba wa agogon bango ido yana jira ya kama shi da laifi. Ta ɗaura masa abin awon jini a dantse, ta duba, ta kwance shi.

"Baba, zaman nan ba zai bar ka ba. Tsoho na bukatar abin da zai tashe shi da safe, da mutanen da zai yi magana da su. In babu, ka tattara mu tafi. Na gyara maka ɗaki."

Ya san ɗakin. A bene yake, tagarsa na kallon bangon wasu, kuma a gidan surukinsa yake, mutumin da ladabinsa ya yi yawa har yana sa Sufeto ciwon kai. A can zai zama tsohon da ake miƙa wa ƙwayar magani da kofin ruwa, a tsaya a ga ya haɗiye. Nan kuwa keken ɗinkin matarsa na nan inda ta bar shi, da ƙyallen da ta lulluɓe shi da hannunta. Gaskiyar magana tsoro ne ya kama shi, tsoro ba ɗan kaɗan ba, sai dai Sufeto bai taɓa sa tsoro a cikin rahoto ba.

"Wa ya ce miki ba ni da abin yi?"

"To mene ne, Baba?"

Idonsa ya zaga falo bai sami komai ba, ya fita ta taga, ya faɗa kan filin bayan gida inda ba abin da ke tsiro sai tsofaffin gwangwanaye.

"Lambu," in ji shi. "Tun tuni nake shiri. Gaggawa ce ba na so."

Ta ce to. In ta sami hutu za ta dawo. In ta ga lambu ta ga mutane, ta bar shi a gidansa. In ba ta gani ba, babu musu, da mota za ta zo. Bayan ta koma ta bugo don ta ji ko yana nan a kan bakansa, shi ne ya yi mata batun kwando.

Washegari ya shiga kasuwa ya sayo irin wake, da na tumatir, da na karas. Ya share fili, ya ja layuka da igiya da rula, ya raba wurin gida-gida, ya raɗa musu suna: wannan aji ɗaya, wannan aji biyu, wancan aji uku. Kafin ya shuka, sai da ya jera irin a tafin hannunsa, ya gyara tabarau, ya yi musu jawabin kama aiki.

"Ban san yadda kuka saba a inda kuka fito ba. Nan ana fitowa a kan lokaci."

Katangar bayan gidan gajera ce, iya ƙirji, kuma lungu ne a bayanta. Daidai lokacin Iya Ungozoma ke wucewa da sandarta, tsohuwar da ta karɓi haihuwar rabin unguwar, har da 'yar Sufeto. Ta tsaya, ta leƙa don ta ga da wa yake faɗa, ba ta ga kowa ba. Ta ajiye abin a ranta ta wuce.

Gari ya waye, Sufeto ya fito da hannuwa a baya, ya zaga azuzuwa. Ba kowa. Gari ya sake wayewa, ba kowa. Wani abu da ya daɗe bai ji ba ya motsa a ƙirjinsa, wato daɗin nan na kama ma'aikata ba su zo aiki ba. Ya shiga kicin ya ɗauko cokali, ya durƙusa a aji ɗaya, ya tono wake guda.

Waken ya kumbura, ya tsage, ya fito da wata 'yar farar saiwa, kuma ga ta nan ƙiri-ƙiri ta nufi ƙasa.

"Ashe!" in ji Sufeto. "An ce ku fito sama, kai ka kama hanyar ƙasa. In ban zo ba fa? Haka za ka yi ta tafiya?"

"Sufeto, me ya yi?" Muryar Iya Ungozoma ce daga kan katanga.

"Hanya ya ɓata, Iya. Duba nan. Ƙasa ya dosa."

"Allah sarki. To yanzu fa?"

"Sai a juya shi mana."

Ya juya waken, ya kafa shi saiwa na kallon sama, ya mayar da ƙasa, ya daddanna da bayan cokali. Daga nan ya bi sauran ɗaya bayan ɗaya. Duk ajin hanya guda suka ɓata, abin da ya tabbatar masa cewa haɗin baki ne.

Iya Ungozoma ta daɗe tana kallo, fuskarta ba yabo ba fallasa. Can ta ce, "Ina zuwa." Ta juya da wani sauri da gwiwoyinta suka yi shekaru ba su ba ta ba. Ba a jima ba ta dawo da Tela, tsohon da idonsa ya yi rauni har ya jingine keke ya koma zaman ɗaki. Da gari ya waye kuma sai ga su da Direba, wanda ya yi ƙuruciyarsa a kan sitiyarin bas, shanyewar ɓarin jiki ta taɓa shi, tun daga nan ko ƙofar gida sai an yi da gaske yake fita. Riƙe shi suka yi, ɗaya a dama ɗaya a hagu, har bakin katanga.

Sufeto bai yi mamaki ba. Dama ya san za a zo. Ya yi gyaran murya.

"Ku matso, amma ban da surutu. Mai tambaya ya ɗaga hannu."

Direba ya ɗaga hannunsa mai lafiya. "Ranka ya daɗe, waken jiya na ga kamar yau ma bai fito ba."

"Za mu ji dalili yanzu."

Aka tono. Saiwar da aka kafa tana kallon sama ta lanƙwaso, ta sake kama hanyar ƙasa. Sufeto ya ɗaga ta sama don kowa ya shaida.

"Kun gani? Taurin kai. Na san irinsu."

Ya sake juya shi. Haka aka yi ta yi kullum, wake na nufar ƙasa Sufeto na tare shi, har waken ya gaji ya ajiye aiki baki ɗaya. Sufeto ya ce dama ba masu zama ba ne.

Tumatir kuwa, da yake irinsa ƙanana ne cokali bai iya gano su ba, sai ya samu ya tsiro. Sufeto ya fito da rula. Wanda ya yi tsawo aka cire shi aka kawo shi layin gaba, ƙarin girma ke nan. Wanda ya gaza aka yi masa canjin wuri zuwa gindin bangon banɗaki, inda rana ba ta leƙawa. Kafin a ce haka na gaba sun yi yaushi don wahalar tafiya, aka rage musu muƙami, aka mayar da su baya, aka ɗauko na banɗaki don a ba su dama.

"Wannan ba shi ne jiya yake can ba?" in ji Tela, yana ƙanƙance ido.

"Shi ne."

"Shekaranjiya kuma yana nan?"

"Ma'aikaci in ya daɗe a wuri ɗaya sai ya saba da mutane. Daga sabo sai raini."

Direba ya jinjina kai. "Ni da na ƙare rayuwata a kan titi, wallahi ban zaga gari kamar tumatirin nan ba."

Sufeto ya karɓi wannan a matsayin yabo.

Na karas bai ɗauki lokaci ba. Ganye siri-siri, ba fure, ba 'ya'ya, ba abin da za a nuna wa baƙo. Iya Ungozoma ta ɗaga hannu ta ce ita dai ta ji ana cewa karas a ƙarƙashin ƙasa yake aikinsa. Sufeto ya dube ta ta saman tabarau, ya ce duk wanda ke aikinsa inda ba a gani, akwai abin da yake ɓoyewa. Ya sallami aji uku gaba ɗayansa kafin rana ta yi zafi, ya watsa su bayan katanga. Iya ta ce ai shi ke nan, shi ya san ma'aikatansa.

Amma kada ka ɗauka lambun bai fitar da gwarzo ba. A bakin magudanar famfo wani tsiro ya fito da kansa, mai faɗin ganye, da 'yan ƙayoyi a jiki, kore shar. Sufeto ya tono shi ya duba saiwa ya mayar, da safe ya same shi a tsaye. Ya kai shi gindin banɗaki, ya ƙara ƙiba. Ya dawo da shi rana, ya yi rassa. Ya hana shi ruwa don gwaji, ko a jikinsa. Idon Sufeto ya kawo ƙwalla. Duk tsawon aikinsa irin wannan ma'aikacin yake nema bai samu ba. Ya dasa shi a tsakiyar fili, ya kewaye shi da fararen duwatsu, ya juye masa takin da aka saya don kowa, ya naɗa shi Hedimasta.

"Wane iri ne wannan, Sufeto?" in ji Iya.

"Na ƙasar waje ne. Cikin takardar tumatir ya shigo. Ba kowa zai gane shi ba."

Tari ya sarƙe Tela, sai da aka bubbuga masa baya.

Ran nan akuyar maƙwabta ta tsallako katanga ta nufi Hedimasta kai tsaye. Kowa ya zuba ido. Ta sunsuna, ta yi atishawa, ta juya ta je ta cinye igiyar da aka ja layi da ita.

"Ko dabba ta san babba," in ji Sufeto.

Zuwa lokacin nan taron bayan katanga ya wuce mutum uku. An kawo benci, an ƙara wani, an ɗora su a kan bulo don na zaune ya hango. Akwai mai zuwa da filas ɗin shayi, akwai mai lema, akwai tsofaffi daga lungunan da Sufeto bai ma san da su ba. Direba ya daina jira a riƙe shi, da sandarsa yake jan ƙafa ya riga kowa kama wuri. Shi kuwa Sufeto, in gaya maka gaskiya, daɗi yake ji. Yana tashi da wuri, yana aske gemu, yana goge riga, yana cin abinci har ya nemi ƙari. Rabon da ya ji shi mutum ne haka tun kafin rasuwar matarsa.

Sai waya ta yi ƙara. 'Yar ta sami hutu, ranar Asabar tana tafe.

Da yamma, bayan ɗalibai sun watse, Sufeto ya tsaya shi kaɗai ya yi wa lambun kallon da ya saba yi wa makarantun wasu. Aji ɗaya ƙasa ce zalla. Aji uku ƙasa ce zalla. Na tumatir saura wasu 'yan tsinke a kwance. Sai Hedimasta da zuriyarsa, sun cika tsakiya, ganye har ganye, amma ko ɗa guda babu. Ya tuna ɗakin bene.

To, amma mutum bai yi shekaru yana kama hedimastoci a banza ba. Ya san abin da suke yi in babban baƙo zai zo: a aro bencina daga makarantar kusa, a aro allo, in ta kama a aro yara. Shi da kansa ya kori mutane a kan haka, saboda haka ya san duk inda suke yin kuskure. Ya koma kasuwa ya zaɓo tumatir jajaye, manya, masu ƙyalli. Ya ɗaga ƙyallen keken matarsa, ya ce mata ta yi haƙuri, ya ɗauki koren zare.

Ran Juma'a da sassafe, tun kafin lokacin darasi, ya fito da sanɗa don ya yi gwaji. Ya durƙusa gaban Hedimasta ya ba katanga baya, zare a baki, tumatir a cinya. Ƙaya na sukar sa yana ɗaurawa. Reshe ya lanƙwashe ya tokare shi da tsinke. Ya ɗaura na sama, na ƙasa ya faɗo. A hankali dai abin ya fara kama ido, har ya ja baya a kan gwiwoyinsa ya karkata kai yana yaba aikinsa.

"Na hagun nan ɗaurin bai yi ba," in ji wata murya. "Ko ni da ba na gani na hango zaren."

Sufeto ya waiwaya a hankali. Bencina cike suke. Ashe tun da labari ya bazu cewa an ga Sufeto a kasuwa yana sayen tumatir, babu tsohon da ya yarda ya makara. Tela ne ya yi maganar. Kusa da shi Direba, kusa da Direba Iya Ungozoma, kusa da Iya kuma, da jakarta a cinya da kofin shayi a hannu, 'yarsa ce zaune.

Ya tofar da zaren. "Ke ba Asabar kika ce ba?"

"Asabar na ce, Baba."

"To yau Juma'a."

"A wurinka na koya."

Wani tumatir ya saki reshe, ya gangaro ya tsaya a gwiwarsa. Ta dubi aji ɗaya, ta dubi aji uku, ta daɗe tana duban Hedimasta.

"Baba, wannan ai ciyawar bakin kwata ce."

"Ta ƙasar waje ce."

"Akwai ta a bayan asibitinmu. Biya ake yi a cire ta." Ta ajiye kofin, muryarta ta yi laushi. "Shiga ka haɗa kayanka, Baba. Alkawari muka yi."

Bai yi musu ba. Ya miƙe da ƙyar, ya kakkaɓe gwiwa, ya shiga ciki. Ya janyo akwati daga ƙarƙashin gado ya buɗe, sai ya kasa sa komai a ciki. Ya zauna kusa da keken ɗinki ya dafa shi. Tagar ɗakin a buɗe take, kuma lambun take kallo, saboda haka duk abin da aka faɗa a kunnensa aka faɗe shi.

"'Yata, ki ji tsoron Allah," in ji Iya Ungozoma. "Ni na fara ɗaukar ki a duniya, ban taɓa roƙon ki komai ba. Kada ki ɗauke mana shi."

Sufeto ya ɗago kai. Ƙirjinsa ya fara dawowa wurinsa. Ɗalibai ke nan, ba sa manta malami.

"Iya, ai ba abin da yake koya muku."

"Koyarwa? Wa ya zo koyo? Ni da nake da lambu tun ba a haife ki ba? Kallo muke zuwa. Dubi Direba, likitoci sun yi sun gaji ya ƙi taka ƙasa, yanzu shi ke buga mana ƙofa. Tela da ya daina magana da kowa, jiya dariya ya yi har haƙorinsa na roba ya faɗa cikin shayi. Ni kaina rabona da maganin barci tun ranar da aka juya wake."

"Da talabijin muke kallo," in ji Tela, "amma ita sai an kawo wuta. Babanki ko da wuta ko babu."

"Kuma ba ya maimaita shiri," in ji wani daga bencin baya.

Sai Sufeto ya ji wani sauti da ya daɗe bai ji ba a gidan, dariyar 'yarsa, irin wadda take yi tun tana ƙarama har numfashinta ya ɗauke. Da ta lafa, ta leƙo ta taga tana share ido.

"Baba, mayar da akwatin. Lambu dai ban gani ba, amma mutane kam na gani."

Sufeto ya tura akwati ƙarƙashin gado da ƙafa. Ya gyara tabarau, ya gyara wuyan riga, ya fito ya tsaya a bakin ƙofa da hannuwa a baya, yana neman kalmar da zai fara da ita. Kafin ya samu, Direba ya ɗaga hannunsa mai lafiya, cikin ladabi, kamar yadda aka koya masa.

"Ranka ya daɗe, mun yi shawara. Tunda lambu ya zo ƙarshe, muna roƙon 'yarmu ta sayo maka kaji."

"Kaji kuma, Baba Direba?" in ji 'yar.

"Kaji masu kwanci, 'yata. So muke kafin mu bar duniya mu ga ranar da zai kai wa ƙwai binciken ba-zata."